RAM Mai Gyara Kuskure na Manyan Saba: Amsoshin Tambayoyin da Ake Yi Mini a Karkarar Jigawa

Na daɗe ina ɗaure jakar kayan aiki a bayan babur, ina yawo tsakanin Ringim da Taura da Gumel da ƙauyukan da ke kewaye, ina duba manyan kwamfutocin nan da muke ce wa saba, wasu kuma su ce uwar garke. A da sai a Kano ko Dutse ake ganinsu. Yanzu akwai su a cibiyoyin jarrabawar kwamfuta, da asibitocin da suka daina rubuta katin majinyaci da biro, da ƙananan bankuna, har da wuraren casar shinkafa. Galibinsu na hannu ne, sun gama aiki a Turai ko Amurka kafin su iso mana. Waɗannan su ne tambayoyin da shugabannin makarantu da akawu da yaran da nake koya wa aiki suka fi yi mini a kan RAM ɗin injunan.

Injiniya, mene ne RAM, kuma me ya raba shi da faifan ajiya?

Faifan ajiya rumbu ne. Abin da ka zuba yana nan ko an ɗauke wuta. RAM kuwa tabarma ce da ake shimfiɗawa a ƙofar rumbun: duk abin da za a auna, ko a sheƙe, ko a rarraba, sai an fito da shi kanta. Da an kashe inji sai a kakkaɓe tabarmar. Sunan ɗalibi, makinsa, adadin maganin da likita ya rubuta, duk sai sun bi ta RAM kafin su koma rumbu. In suka gurɓace a kan tabarma, a gurɓace za a mayar da su.

Wane irin kuskure ne zai shiga abin da ba hannun mutum a ciki?

Kwamfuta da sifili da ɗaya take rubuta komai, kowane guda ana ce masa bit. A cikin baƙaƙen ƙwayoyin da ke jikin sandar RAM, kowane bit ɗan caji ne mitsitsi da ke zaune a gurbinsa. Cajin yana tsiyayewa, shi ya sa injin yake bi yana sabunta shi ba tsayawa. A RAM samfurin DDR4 kowane gurbi sai an waiwaye shi cikin kashi 64 na dubun daƙiƙa. Sanda guda mai 32GB tana ɗauke da irin waɗannan gurabe kusan biliyan 275.

Guda ɗaya cikinsu ya juya daga sifili zuwa ɗaya, to lamba ta canza. Naira 1,000 tana iya komawa naira 5,096 saboda bit ɗaya tak, wanda darajarsa 4,096. Ba ƙara za ka ji ba, ba saƙo za ka gani ba.

Abin da ke juya shi iri biyu ne. Akwai na wucin gadi, wanda ƙananan ɓurɓushin da ke saukowa daga sararin samaniya ko wani tururi daga kayan da aka rufe ƙwayar da su ke haddasawa. Tun 1978 injiniyoyin Intel biyu, Timothy May da Murray Woods, suka gano na biyun. Akwai kuma na dindindin, wato gurbin ya lalace, ko hanyar wutar ta samu rauni, ko haƙoran sandar ba su kama da kyau ba. A zaɓen ƙasar Beljiyam na 2003, a gundumar Schaerbeek, na'ura ta ƙara wa wata 'yar takara ƙuri'a 4,096 cif. Masu bincike sun karkata ga cewa bit ɗaya ne ya juya. An gane ne kawai don ƙuri'un nata sun zarce abin da lissafi zai yarda da shi.

To yaya RAM mai ECC, wato mai gyara kuskure, yake gane kuskuren har ya gyara?

Ka tuna wasan cika ko mara da muke yi muna yara da 'ya'yan dabino ko tsakuwa? Tushen dabarar ke nan. A ce ka jera buhuna layi takwas a tsaye, takwas a kwance, wasu farare wasu baƙaƙe. A bakin kowane layi ka rubuta ko baƙaƙen da ke cikinsa cika ne ko mara. Da dare wani ya sauya buhu guda. Da safe za ka ga layi ɗaya na tsaye ya saɓa wa abin da ka rubuta, layi ɗaya na kwance ma haka. Inda suka gitta, nan ɓarnar take. Tunda kala biyu ne kawai, sanin wurin shi ne gyaran.

Dabarar gaske ta fi wannan tsimi. Wani masanin lissafi Ba'amurke, Richard Hamming, shi ya wallafa ta a 1950 yana aiki a Bell Labs. A sandar DDR3 ko DDR4 mai ECC, kowane bit 64 na bayani yana tafe da ƙarin bit 8 na tsaro, jimla 72. Da waɗannan takwas ɗin, in bit ɗaya ya juya sai a gyara shi nan take, aiki ya ci gaba. In biyu suka juya a wuri guda, ba za a iya gyarawa ba amma za a gane, sai injin ya tsaya maimakon ya miƙa maka ƙarya. Manyan saba suna da mataki sama da wannan, wanda IBM ta sa wa suna Chipkill, Intel kuma SDDC, inda ko ƙwaya guda ta mutu ɗungurum injin yana iya ci gaba. Sandunan da ke da alamar x4 ne suka fi dacewa da wannan.

Lissafin ba a cikin sandar ake yinsa ba, a cikin firosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, ake yi. Don haka sanda mai ECC a injin da bai san ECC ba, ba ta tsare komai.

Wannan abu yana faruwa da gaske, ko dai tsoratarwar masu sayarwa ce?

Yana faruwa. A 2009 Bianca Schroeder ta Jami'ar Toronto da injiniyoyin Google biyu sun fitar da sakamakon bibiyar injunan kamfanin na tsawon shekara biyu da rabi. Sun samu kusan kashi ɗaya cikin uku na injunan, da sama da kashi 8 cikin ɗari na sandunan, suna samun kuskure aƙalla sau ɗaya a shekara. Abin da ya fi amfanar mu a ciki shi ne, yawancin kurakuran daga lalacewar kaya suke, kuma sandar da ta yi sau ɗaya ta fi kusa da ta sake. Ma'ana ƙaramin kuskuren da aka gyara yau sallama ce ta babban da ke tafe.

Mu da muke ƙauye, ɗan asibiti ne ko makaranta, me ya kai mu wannan tsada?

Wannan tambayar ce na fi so a saurari amsarta da kyau, don ni a ganina mu muka fi kowa buƙata.

Babban banki a Legas yana da injuna da yawa masu riƙe bayani iri ɗaya, da ma'aikata masu kwana suna kallon allo. Ɗaya ya yi tuntuɓe, wani ya ɗauka. Mu kuwa inji ɗaya ne a ɗaki ɗaya, mai gyara yana nesa, in damina ta yi nisa hanya ma tana iya yankewa. In lamba ta gurɓace a rajistar awon masu juna biyu, ko a asusun 'yan adashe, wa zai gane? Sai bayan wata uku wata baiwar Allah ta zo tana rantsuwa cewa ba haka ta zuba ba, a kama zargin akawu, alhali bawan Allah bai ci ko kwabo ba. Zargi irin wannan a ƙaramin gari, inda kowa ya san gidan kowa, ba ya wankuwa da wuri.

Inji ya mutu abu ne mai sauƙi, kowa ya gani, a kira ni. Wanda nake tsoro shi ne injin da yake aiki lafiya lau a ido, yana rubuta kuskure a hankali, har kwafin ajiyar da kake yi kullum ya kwashi kuskuren.

Batun tsada kuma, manyan saba irin Dell PowerEdge R730 ko HPE ProLiant DL380 ba su ma ba ka zaɓi ba. Ba sa tashi da RAM ɗin kwamfutar tebur. Saurin da ECC yake ragewa kuma ɗan kaɗan ne, mai aiki ba zai lura ba.

Yaya zan gane sandar da ke hannuna?

Karanta takardar da ke manne a jikinta, kada ka tsaya ga bakin mai shago. Za ka ga rubutu kamar haka: 32GB 2Rx4 PC4-2666V-R.

32GB girmanta ne. 2R yana nufin ƙwayoyin rukuni biyu ne, x4 kuma faɗin kowace ƙwaya. PC4 shi ne DDR4 (PC3 na DDR3, PC5 na DDR5). 2666 saurinta. Harafin da ya biyo bayan ɗan layin ƙarshe shi ne wanda ake yawan faɗawa rami a kansa. R na nufin RDIMM, mai ƙwaya ta musamman a tsakiya da ke karɓar umarni ta rarraba wa sauran, ita ce gama-gari a manyan saba. L na nufin LRDIMM, wadda aka ƙara wa 'yan dako don inji ya iya ɗaukar manya-manya da yawa. E sanda ce mai ECC amma ba ta da waccan ƙwayar ta tsakiya, ita ƙananan saba irin PowerEdge T40 da HPE MicroServer suke ci. U kuwa ta kwamfutar tebur ce, babu ECC sam.

In ta Samsung ce, farkon lambarta ma yana faɗa: a DDR3 da DDR4, M393 RDIMM ce, M386 LRDIMM, M391 mai ECC ta ƙananan saba, M378 ta tebur. Sai kuma ƙirga ƙwayoyi. A DDR3 da DDR4, ta tebur galibi takwas ce ko sha shida, mai ECC tara, ko sha takwas, ko talatin da shida, ban da ta tsakiyar.

Zan iya haɗa iri biyu a inji ɗaya?

RDIMM da LRDIMM ba sa zama tare, haka RDIMM da UDIMM, wato mai harafin E ko U. Injin ba zai tashi ba. DDR3 da DDR4 da DDR5 kuma tsagar ƙasansu ba wuri ɗaya take ba, in ka ga ta ƙi shiga kada ka danna. In sauri ne ya bambanta za su yi aiki, amma duk za su koma tafiyar mai nawar cikinsu.

Wata makaranta ta taɓa aikawa birni a sayo mata sanduna huɗu ana saura mako guda jarrabawa. Girman daidai, saurin daidai, amma harafin L ne alhali na cikin injin R ne. Kwana biyu aka ɓata a kai da komo. Tun daga ranar nake cewa a ɗauki hoton takardar tsohuwar sandar a tura wa mai shago ta WhatsApp, shi ma ya turo hoton tasa kafin a biya.

Mai shago ya ce duk DDR5 da ECC take zuwa. Haka ne?

Rabin maganar gaskiya ce. Ƙa'idar DDR5 da ƙungiyar JEDEC ta fitar a 2020 ta sa kowace ƙwaya tana da ɗan gyara na cikin gida. Amma iyakarsa cikin ƙwayar. Ba ya tsaron bayani a kan hanyarsa zuwa firosesa, kuma ba ya sanar da kai abin da ya gyara. DDR5 ta saba tana da ƙarin ƙwayoyin tsaro daban. RDIMM ɗinta hanya biyu ce, kowace bit 32 na bayani da 8 na tsaro. Ita za ka nema da sunanta.

Nawa ya kamata in sa? Na ji ana maganar 128GB a sanda guda.

Akwai 64GB, akwai 128GB, har 256GB, manyan ana ɗora ƙwaya kan ƙwaya ne a cikinsu kamar jeren kwanuka. R730 tana da gurbi 24, in ka cika da 32GB ka samu 768GB. Masu buƙatar haka su ne waɗanda ke raba inji ɗaya ya zama kamar kwamfuta ashirin ko talatin ta hanyar manhajoji irin VMware ko Proxmox ko Hyper-V, da masu rumbun bayanai maka-maka, kamar jami'a.

A wuraren da nake zuwa, asibitin gari da makaranta da ƙaramin banki, 32GB zuwa 64GB yana wadatarwa har da rara. Kafin ka saya, duba yadda injin yake cin RAM a lokacin da aiki ya fi zafi, ranar kasuwa ko ranar rigakafi ko tsakiyar jarrabawa. In bai kai kashi biyu cikin uku ba, matsalarka ba RAM ba ce, wataƙila faifan ajiyar ne ya gaji. Duba manhajar ma: Windows Server 2008 R2 Standard, wadda har yanzu nake tararwa a wasu ofisoshi, ba ta amfani da fiye da 32GB ko nawa ka cusa mata. Kuɗin da ya ragu, batir da fanka sun fi cancantarsa.

Ko wane gurbi na ga dama zan sa?

A'a. Duk wanda ya san noman rani a Kadawa ko kwarin Haɗeja ya san in magudana huɗu ke shayar da gona, ka toshe uku, ruwa zai iso amma a makare. Firosesa ma hanyoyi gare shi zuwa RAM: Xeon E5 na R730 huɗu, Xeon Scalable na farko da na biyu shida, AMD EPYC 7002 da 7003 takwas. Sanda huɗu masu 16GB, kowace a hanyarta, sun fi guda ɗaya mai 64GB gudu.

A R720 da R730 farare ake fara cikawa, sai baƙaƙe, sai koraye. Sanda uku a hanya ɗaya tana rage sauri. Gurabe masu harafin A na firosesa na farko ne, masu B na na biyu. In firosesa ɗaya ne a injin, duk abin da ka sa a B a banza yake. Zanen tsarin yana manne a cikin murfin injin.

Zafin bazara da ƙurar hunturu fa?

Yawancin saba an ƙera su ne don ɗakin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna haura 40. In babu na'urar sanyaya ɗaki, a samu ɗaki mai rufi mai kauri, a nesanta injin daga bango, a bar iska ta shiga ta gaba ta fita ta baya. Murfin robar nan da ke kan sandunan ba ado ba ne, shi ke kora iska tsakaninsu. Na sha tarar da shi a jingine a lungu, mai gyaran baya ya manta bai mayar ba.

Ƙura kuwa tana yin dandaɓa a tsakanin sanduna kamar bargo. A kashe injin, a fitar da shi waje, a busa da abin hura iska, aƙalla a farkon hunturu da ƙarshensa.

Hunturu yana da wata illa da ba a gani. Ka san ɗan tartsatsin nan da kake ji in ka cire rigar sanyi ko ka taɓa ƙofar mota? Wanda bai kai ka ji ba ma ya isa ya raunata ƙwaya, kuma ba lalle ta mutu nan take ba, sai ta riƙa kuskure bayan watanni. Ka taɓa ƙarfen jikin injin kafin ka ɗauki sanda, ka riƙe ta ta gefe, kada yatsa ya taɓa haƙoran zinariyar, kada ka ɗora ta kan darduma ko ka sa ta a aljihun riga. Ledarta mai ruwan toka ita ce mazauninta.

Wata fitila mai ruwan goro tana ƙyaftawa a gaban injin, amma yana aiki. In bar shi?

Kada ka bar shi. Na taɓa zuwa wani ɗakin shan magani don wani aiki daban, sai na ga an liƙa salatif a gaban sabar. Mai gadi ne ya liƙa, da zuciya ɗaya, don fitilar tana damun masu kwana a ɗakin. Na ɓare, na shiga littafin rahoton injin, sai ga layi bayan layi na makonni, duk suna kiran gurbi ɗaya, A3. Sandar tana kuskure, injin yana gyarawa, yana ta kira ba wanda ya amsa. Na kira shugabar wurin na ce, “Hajiya, wannan fitilar ita ce bakin injin nan.” Ta sa aka rubuta a takarda aka manna a bango cewa duk wanda ya ga ta canza launi ya faɗa mata.

Rahoton yana cikin sashen kula da inji da ake kira iDRAC a injin Dell, iLO a na HPE. A Linux kuma manhajar rasdaemon tana nunawa. Kuskure ɗaya jefi-jefi ba abin tayar da hankali ba ne. Wanda ke maimaituwa a gurbi ɗaya shi ne abin bi. Ka yi kwafin bayananka tukuna. Ka kashe injin, ka zare wayar wuta, ka cire sandar ka mayar har maƙallan biyu su yi ƙas. In bai daina ba, ka musanya ta da ta wani gurbin. Kuskuren ya bi sandar, ita ce mai laifi. Ya tsaya a gurbin, to datti ne a ciki, ko babban allon da ke cikin injin, ko wani ɗan haƙori ya lanƙwashe a mazaunin firosesa. Haƙoran sanda da tsumma mai tsabta da barasar goge kayan lantarki ake share su, ba da reza ko fetur ba.

In ina da ECC, na huta da kwafin ajiya da UPS, na'urar batir mai riƙe wuta, ke nan?

Ko kusa. ECC tabarma kaɗai yake tsaro. Wuta ta ɗauke, abin da ke RAM ya tafi. Tsawa, ɓarawo, gobara, ma'aikacin da ya goge fayil bisa kuskure, duk ba ruwansa. A sa UPS tsakanin injin da janareta ko inbata, a riƙa kwafi a kai wani gini daban.

Sabuwa zan saya ko ta hannu, kuma a ina?

Kamfanoni uku ne ke ƙera mafi yawan ƙwayoyin RAM na duniya: Samsung da SK hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. Ko tambarin Dell ko HPE ka gani a sanda, ƙwayoyin galibi na ɗayansu ne. Daga ƙarshen 2025 farashi ya yi tashin gwauron zabo a duniya, saboda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suna wawure abin da ake ƙerawa, ga kuma canjin dala a namu ɓangaren. Farashin da aka faɗa maka watan jiya kada ka yi kasafi da shi.

Ta hannu ba laifi ba ce, RAM ba ya da wani abu mai juyawa da zai cinye, kuma ga tsohon inji mai DDR3 ko DDR4 ita ce ta fi sauƙin samu. Mutanenmu suna nema a Beirut Road da Farm Centre a Kano, in ba a samu ba a aika Computer Village ta Ikeja. Sharaɗina uku ne. Mai shago ya yarda da mayarwa cikin mako guda, a rubuce a rasit. Da an sa, a duba girma da lambar da injin ya karanto daga cikin sandar ko sun dace da takardar jikinta, don takarda ana iya sauya ta. Sannan a kunna manhajar gwajin RAM ta MemTest86 ta kwana tana gwaji, da safe a buɗe rahoton injin ma a duba, domin ECC yana iya gyara kuskure a ɓoye gwajin ya nuna lafiya.

In da hali a ƙara sanda ɗaya ta ajiya irin ta cikin injin sak, a bar ta cikin ledarta a kulle a durowar shugaba, a rubuta ranar da aka gwada ta a bayan ledar.